Bijimin da Bukar Turmi Ya Mayar Katuzu

Shekara goma sha biyu ke nan da muka binne Bukar Turmi a Nguru. Na san wasu za su ce me ya haɗa Ado Ɗan Haɗeja da rubutu a jarida, mutumin da aka kora daga aji uku don ya sayar da littafinsa ya sayi gyaɗa. Gaskiyarsu. Amma akwai maganar da ta daɗe tsaye a wuyana, ga shi kuma tsararrakina sai tafiya suke ɗaya bayan ɗaya.

Ga wanda bai san shi ba, Bukar ɗan kokawa ne, da ita yake ci da iyalinsa. Daga kaka har faɗuwar damina ba ya zama: yau Gashuwa, gobe Jajimaji, jibi Kumagannam, har cikin Nijar. In ya kama ƙugun mutum, sai dai a taya mutumin addu'ar sauka lafiya. Ni kuwa aikina riƙe masa riga da buta, da cika baki a madadinsa. Kokawata ɗaya a duniya, da bunsurun maƙwabci, ita ma kunnen doki muka yi.

Wata shekara aka sa bijimi a gasar Gashuwa. Karon ƙarshe ya rage Bukar da Sale Dogo, wani manomin Katuzu, nan kusa da Gashuwa, wanda in ya riƙe ba ya saki. Hankalina ya tashi, don na riga na gama rabon naman a zuciyata. Al'adar Bukar, kafin ya shiga fili nakan shafa masa ruwan rubutu a baya da ƙugu. Ran nan sai na dama garin karkashi a ciki. Ya bushe, ba wanda ya gane, har shi kansa. Da gumi ya karyo sai yauƙi ya tashi. Sale ya kai kamu da dukan ƙarfinsa, hannu ya zame, Bukar ya juya shi ya faɗi kan kafaɗa. Har makaɗa sun ji ƙarar ƙashin.

Da ina da bakin da ke rufuwa, da an wuce wurin. Kashegari muna tasha muna jiran motar da za ta ɗauki bijimin, na ce, "Turmi, cinya ɗaya tawa ce fa, karkashina ne ya yi aiki." Na zaci dariya zai yi. Sai ya ce:

"Ado, kwance igiyar."

"Ai mota ba ta zo ba."

"Katuzu ba sai da mota ba."

Muka tarar da Sale kwance an yi masa ɗori. Lokacin noman rani ne, albasarsa da tumatur suna fadama suna jiran ruwa, kuma a zamanin da jigo ake ban ruwa, aikin kafaɗa zalla. In aka yi mako ba a ba su ba, abincin gidan na shekara ya tafi. Bukar ya durƙusa gaban mahaifin Sale, mutane na ji, ya ce, "Baba, ga bijimin ɗanku. Da ha'inci a jikina na shiga fili jiya."

Tsohon ya ce, "Wa ya sa maka?"

Ya ce, "Jikin nawa ne, Baba."

Ina tsaye bayansa da igiya a hannu. Bai ko waiwayo ba.

Wata uku muka yi a fadamar nan. Shi yana jan jigo, ni ina buɗe wa ruwa hanya, sauron Katuzu yana karɓar diyyar Sale a jikina. Aka aiko daga Nijar har sau biyu, ga kyauta mai tsoka, ya ce yana da aiki. Na yi magiya, na yi ƙaryar zazzaɓi, ya ce in sha sabara in koma. Ranar da aka ɗebe albasa muka tafi. Bayan nan ya ci gasa da yawa, amma shekara da shekaru 'yan adawa suna kiransa Mai Yauƙi a fili. Kalma ɗaya ta ishe shi ya wanke kansa. Kalmar sunana ce, bai faɗe ta ba.

Yanzu inji ya kori jigo, kokawar ma a waya ake kallonta. Wani lokaci nakan leƙa gidan kallon ƙwallo, in ga ƙato ya zube yana birgima ba wanda ya taɓa shi. Na san da Bukar na nan sai ya tambaya, "To shi wannan wa ya kayar da shi?" Amma in na ji an ce wani ɗan wasa ya koma garinsu ya haƙa wa mutane rijiya ba tare da ya kira masu hoto ba, sai in ce da sun sha fura tare.

Ranar jana'izarsa Sale ya zo kan babur, gemu ya yi fari. Da kafaɗar nan da ta karye ya ɗauki makara, aka yi aka yi a karɓe shi ya ƙi, har bakin kabari. Ni ina baya da buta, kamar kullum.

Bijimai an cinye, gangunan sun fashe, kirarin ma ni kaɗai na rage da shi, kuma na fara mantuwa. Abin da bai tsufa ba shi ne in ka ambaci Bukar a Katuzu, kafin a ce ya iya kaye za a ce mutumin kirki ne. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Saura nawa. Sale, na ji kana nan da ranka, kuma akwai mai karanta maka jarida. Ni na dama karkashin. Bukar bai sani ba. Ranar kasuwa mai zuwa ina tafe, ba ni da bijimi, sai wannan tsohon jikin. Ka yafe mini. In kuwa sai ka rama kayen, don Allah ka zaɓi wuri mai yashi.