Kusurwar da Ta Ɓace a Talabijin ɗin Yaya

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa, wasu ko an tuna mini sai na yi ta lalube kafin in gano su. Amma ranar da yayana ya hau babur daga Daura ya same ni a Baure, allura da zare na maƙale a gaban rigarsa, ba na jin za ta fita daga raina har in koma ga Allah.

Yayan nawa kurma ne. Sanƙarau ne ya tafi da jinsa tun kafin a haife ni, don haka ban taɓa saninsa da magana ba sai ta hannu. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, bai bar shi zaune ba. Ya kai shi makarantar kurame, ya koyo karatu da rubutu, ya dawo ya koyi ɗinki, har ya buɗe shagonsa a bakin kasuwa. Ni kuwa a lokacin ina koyarwa a wata firamare a Baure, sai ƙarshen mako nake zuwa gida.

A shagon akwai wata tsohuwar talabijin mai ƙatuwar ƙeya, da dikoda a kanta. Tun da shari'a ta zo aka sa ido a kan gidajen kallo, shagon Yaya ya zama majalisar kuramen garin. Ba ƙwallo ke kawo su ba, ba kuma fim ba. Labaran yamma suke zuwa gani, domin a kusurwar hoton, can ƙasa ta dama, akwai wani ɗan akwati da wani mutum ke fassara labaran da hannu. Yaya ya kalla, sannan ya juya ya warware wa waɗanda ba su yi makaranta ba da irin maganar hannun da suka saba. In taki ya yi tsada, in an ɗage jarrabawa, in za a yi rigakafi, daga wannan kusurwar suke samun labari. Mu masu kunne ko lura da akwatin ba ma yi.

Wata safiya ya kunna dikoda sai ya ga rubutu cewa kamfani na sabunta manhaja, kada a kashe. Ya jira. Da ta gama, hoto ya dawo ya kumbura. Fuskoki sun yi girma, gefe da gefe ya yanke. Mai fassarar nan ba a ganin komai nasa sai kafaɗa ɗaya da gefen hula. Rubutun da ke gudu a ƙasa shi ma an cinye rabinsa.

Da na zo ranar Juma'a ya nuna mini, na duba na ce masa ai hoton ma ya fi fitowa. Sai ya kama wuyan hannuna ya ɗora yatsana a kan kusurwar, ya dube ni. Sai a nan na lura an yanke mai fassarar.

Kamfanin ba shi da wata hanyar kai kuka sai ta waya, kurma kuwa ba ya buga waya. Ni na kira. Wata yarinya ce ta ɗauka, mai ladabi ƙwarai.

"Yallaɓai, hoto yana fitowa?"

Na ce yana fitowa, amma a yanke.

"Sauti fa?"

"Sauti lafiya lau. Sai dai mai talabijin ɗin ba ya ji. Kurma ne."

Sai ta ce in ɗauki rimot in shiga wurin da ake daidaita girman hoto. Na shiga, na ce mata babu shi, sun cire. Ta ce sabuwar manhajar an yi ta ne don talabijin na zamani masu faɗi, amma za ta isar da kokenmu. Na ji a muryarta cewa abin ya dame ta, na kuma ji cewa babu abin da ke hannunta. Na sake kira a makon da ya biyo, da wanda ya bi masa. Kowane lokaci wani daban ne, kuma sai na faro labarin daga tushe.

Muka je wurin wanda ya sayar mana da dikodar, wani ɗan kabilar Ibo da ya daɗe a Daura har Hausa ta zauna a bakinsa. Ya rufe shagonsa ya biyo mu, ya danna nan ya danna can, ya zare waya ya mayar, gumi na zuba. Daga ƙarshe ya ajiye rimot ya ce, "Malam, wannan daga can sama suka yi shi. Wallahi ba a hannuna yake ba."

Sannu a hankali majalisa ta watse. Me za su zo su gani? Yaya kaɗai ne bai daina kunnawa ba. Sai ka same shi ya tsayar da keken ɗinki ya ƙura wa kafaɗar nan ido, yana ƙoƙarin gane magana daga motsinta.

A shekarar ce Allah ya kira Innarmu aikin Hajji. Yaya ne ya ɗinka mata duk kayan da ta tafi da su, har da 'yar jakar da take ratayawa a wuya. Tun rasuwar mahaifinmu babu wanda ya shaƙu da ita kamarsa. Da ta tafi, duk inda aka nuna alhazai sai ya matso da fuskarsa jikin gilashi ko zai hango ta.

Abin da ya faru a ranar da ya same ni a Baure, daga baya ya ba ni labari. Ana cikin hidimar ɗinkin Babbar Sallah, bayan la'asar, aka fara labarai. Ya ɗago kai sai ya ga hayaƙi na tashi daga wani dogon gini, mutane da harami suna gudu, ga motocin asibiti. Kafaɗar nan ta kusurwa sai motsi take da sauri. Ya san ana faɗar wani babban abu, a gabansa ake faɗa, amma an rufe masa.

Ya fita da gudu wurin maƙwabcinsa mai sayar da hatsi, wanda rediyo ba ya barin kunnensa. Bawan Allah bai iya maganar hannu ba, kuma ƙarshen labarin kawai ya tsinta. Da ya ga hankalin Yaya a tashe, sai ya dafa ƙirji ya ɗaga tafukansa sama, yana nufin a yi haƙuri a yi addu'a. Da alheri ya yi. Sai dai abin da mutane suka yi ta yi wa Yaya ke nan ranar da mahaifinmu ya rasu.

Ya turo mini saƙo a waya, tawa kuwa a mace take babu caji. Bai ko rufe shago ba ya hau babur. Duk wanda ya san hanyar nan a kwanakin Sallah ya san yadda motocin raguna ke gudu a kanta, shi kuwa ba ya jin ham, ba ya jin ƙarar abin da ke tahowa a bayansa. Dalilin da ya sa Inna ta hana shi wuce cikin gari da babur ke nan.

Ina tsugune ina alwalar magariba a ƙofar ɗakina na gan shi. Ko jingine babur ɗin bai yi ba, sakinsa ya yi ya faɗi. Ya taɓa kumatunsa da yatsu biyu, alamar da muke kiran Inna da ita saboda tsagar fuskarta. Sannan ya shimfiɗe tafin hannunsa ya kwantar, alamar mutuwa. Ya tsaya yana kallon fuskata.

Allah ya sa na ji labarin a rediyon wani abokin aikina. Gobara ce ta tashi a masaukin alhazan wata ƙasa, ba na mutanenmu ba, an kuma kashe ta, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Na yi masa bayani dalla-dalla. Ya girgiza kai. Da hannu ya ce, "Ɓoye mini kake yi. Kullum ni ne na ƙarshen sani."

Ban yi musu da shi ba, don gaskiya ya faɗa. Na ari wayar abokin aikin nawa, muka hau wani tudu a bayan makaranta inda ake samun sabis, na kira lambar wata mata da suke ɗaki ɗaya da Inna. Da ƙyar ta shiga. Sai ga muryar Inna, tana ƙorafin ƙafafunta sun kumbura, tana tambaya ko mun sayi rago. Na ce mata ga Yaya nan, ya biyo ni har Baure, ya ɗauka wani abu ya same ta.

Ta yi salati. "A kan babur? Ba shi wayar."

"Inna, ai ba zai ji ba."

"Ni za ka gaya wa? Na ce ka ba shi."

Na miƙa masa. Ya manna ta a ƙashin muƙamuƙinsa ya rufe ido. Ni ina jiyo muryarta ƙasa-ƙasa, tana ta yi masa faɗa tana sa masa albarka, shi kuma motsin muryar kawai yake ji a fatarsa. Can sai ya zame ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka, irin kukan wanda bai san ƙarfin muryarsa ba. A nan muka yi magariba. Washegari ni na tuƙo mu zuwa Daura.

Da na ba mai sayar da dikodar nan labari, nan take ya miƙe. Ya taka kujera ya kwance talabijin mai faɗi da ke bangon shagonsa, wadda yake gwada wa masu saye kaya da ita, ya ɗauko da kansa ya kafa a shagon Yaya. Aka kunna, sai ga mai fassara cikakke, hannuwa biyu suna aiki. Ya ce mini, "Gaya masa ya riƙe har su gyara." Kafin Sallah majalisa ta dawo.

An daɗe bayan Inna ta dawo kafin kamfanin ya sake turo wata manhajar, wurin daidaita hoto ya dawo. Babu wanda ya kira mu, babu wanda ya ce a yi haƙuri. Ba na jin mugunta suka yi. Waɗanda suka tsara abin duk masu kunne ne, ba su taɓa kawo wa ransu akwai mai rayuwa da wannan kusurwar ba. Yaya ya mayar da talabijin ɗin aro, ya haɗa da kaftani da hula da ya ɗinka wa mai ita. Da su yake zuwa coci wata ran, yana taƙama.

Abin da na koya shi ne, in mutum ya kawo maka kuka a kan abin da kake gani ƙarami ne, kada ka auna shi da ma'auninka. Zauna ka tambaye shi me abin yake tsare masa. Sau da yawa abin da kai ba ka ma gani, shi ne ƙofa ɗaya tak da ɗan'uwanka ke shiga cikin mutane ta ita.