Kwantaccen Cikin Da Yaya Haladu Ya Rubuta

Yau shekara goma sha tara da rasuwar yayana Malam Haladu, kuma ina nan kan bakana: zaman lafiyar ƙasar nan ba a hannun manya yake ba, a jikin igiyar awon gona yake. Shi ya daɗe yana jan irin wannan igiya, yana muhuti, wato mataimakin alƙali, a wata ƙaramar kotu a yankin Tsanyawa, inda gonaki suka matsu har geron wani kan yi wa na wani inuwa. Ni malamin makaranta ne. Na koyar da rabawa a allo, shi ya yi ta a ƙasa, inda ragowa kan jawo gaba.

A shekarun farin nan da mutane suka riƙa tona gidan tururuwa neman tsaba, mijin wata mata mai suna Lami ya rasu, ya bar mata 'ya guda da gona guda. Ƙannensa suka matsa a raba su sayar da kasonsu. Lami ta san abin da zai rage ba zai riƙe su ba, sai ta ce tana da kwantaccen ciki. Fiƙihunmu ya yarda ciki kan kwanta har shekara biyar, kuma ba a raba gado sai an haihu, don in namiji ne, baffanni ba su da ko taki ɗaya.

"Haba Malam," in ji babban ƙanin, "cikin nan ko tuwo babu a ciki."

"Kai ka leƙa?" in ji Yaya.

Lami ta rantse, alƙali ya amince, Yaya ya rubuta. Gari ya yi ta yabonsa, ana cewa ya rufa wa marainiya asiri. Shi ma ya san babu cikin.

Sai damina ta sake ɗaukewa. Gonar da ba a raba ba kuwa ba ta sayuwa. Lami ta sami Yaya a zaure, ina zaune, ta durƙusa.

"Malam, a sauke mini maganar nan. A raba, in sayar da nawa. Yarinyar ba ta iya tashi."

Saukewa na nufin ta amsa rantsuwar ƙarya, shi kuma ya amsa ya sani ya rubuta. Sai ya ce, "Ki daure zuwa kaka. Mai haƙuri yakan dafa dutse."

Ban ƙara jin wannan karin maganar a bakinsa ba. Hanyar ƙauyen su Lami ma ya daina binta, ko da kewaye zai ci masa rabin yini.

Yanzu na'urar hoton ciki ta asibiti kan warware irin wannan shari'a kafin shayi ya huce, lauyoyi kuma su ja ta damina uku. Da yana raye, ina jin zai yaba na'urar, sannan ya tambaya ko tana nuna abin da ke cikin rumbu. Don daga baya, duk matar da ta zo gabansa, da wannan tambayar yake fara mata, kafin sunanta.

Ana tuna shi da tausayi, kuma ya cancanta. Ruwa ba ya tsami banza, yabo ma haka. Allah ya jiƙansa, ya sa niyyarsa za a duba. Yarinyar dai ba ta kai kaka ba. Da aka yi rabon, baffannin sun samu fiye da abin da suka nema tun farko.