Lambar da Baba Tela Ya Rufe da Yatsa

Shagon Baba Tela ɗan ƙuƙut ne, a ƙarƙashin wani bene mai hawa uku, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Keken ɗinki ɗaya, teburin yanka, dutsen guga, sai bencin masu jira wanda aka tokare ƙafarsa ɗaya da bulo. Shekara arba'in yana nan. In gaskiya za a faɗa, akwai teloli a titin da suka fi shi hannu, amma babu wanda ya kama ƙafarsa wajen jama'a. Sirrin kuwa a babban yatsansa yake.

In ya zagaya tef ɗin awo a ƙugun mutum, sai ya ɗora yatsan a kan lambar, ya ɗaga kai da murmushi ya ce, "Kana nan yadda kake." Mutum ya fita yana taku kamar saurayi. Shi kuwa ya riga ya ga lambar, ya adana ta a ka, ya yanka yadi daidai da tumbin da ke gabansa. Kowane wando ya ɗinka sai ya naɗe rarar yadi a cikin ɗinkin baya. Ranar da aka kawo masa gyaran zif ko maɓalli, sai ya warware, ya saki inci guda, ya goge, ya miƙa, bai ce uffan ba. Bai taɓa kiran wannan ƙarya ba. A ganinsa ladabi ne, don wanda ya shigo shagonsa ba wulaƙanci ya zo saya ba.

Wanda ya fi kowa shan wannan ladabi shi ne ƙanensa, Dogo, direban motar ma'aikatan wani kamfani. Uwarsu ɗaya, ubansu ɗaya, tsiransu shekara goma. Dogo yana ɗan shekara goma sha biyu mahaifinsu ya sunkuya zai sa takalmi a bakin ƙofa, ya dafe ƙirji, bai sake tashi ba. Shekararsa hamsin da bakwai. Tela ne ya ɗauke shi daga ƙasa, shi ne kuma ya riƙe Dogo har ya zama mutum. Shi ya ɗinka masa wandon aure, ƙugu talatin da huɗu, ya rubuta lambar da tawada a cikin bakin wandon. Tun daga nan duk wandon aikin da ya ɗinka masa, talatin da huɗu yake rubutawa.

Shekara talatin Dogo yana zaune a bayan sitiyari. Soyayyen nama da safe, lemon kwalba da rana, abinci kuwa tun bai ɗanɗana ba yake barbaɗa masa gishiri. Ciki ya yi gaba har yana gaisawa da sitiyari. In abokan aiki suka tsokane shi, sai ya juya bakin wando ya nuna musu: "Ku karanta da kanku. Tun aurena ban ƙara ko ɗigo ba, ku tambayi Yaya." Su yi ta dariya, shi kuma a zatonsa haushi suke ji.

Wata Talata da rana ya faɗo shagon yana haki yana dariya, ya dire kwalbar magani a kan teburin yanka.

"Yaya, ka ji abin mamaki. Kamfani ya tura mu gwajin lafiya. Wata likita, yarinya ƙarama sa'ar 'yata, wai jinina ya hau, wai zuciyata tana aikin mutum biyu. Ta ɗauko tef ta auna ni, wai arba'in da huɗu! Na ce mata, 'yar nan, yayana tela ne tun ba a haife ki ba. To wadda ta kasa awon ƙugu, ita ce za ta auna zuciya? Ga kwalbarta nan, ka zubar da ƙwayoyin ka zuba maɓallai. Taso ka auna ni in koma in kashe mata baki."

Mutum biyu suna zaune a benci, sun zuba ido. Tela ya zagaya tef. Arba'in da huɗu cif, ko gashi babu ragi. Yatsa ya sauka a inda ya saba sauka, baki kuma ya riga hankali.

"Kana nan yadda kake."

"Kun ji ko!" in ji Dogo, ya tafa hannu ya fice.

Tela ya bi shi da kallo ta ƙofa. Dogo ya tsallaka titi, ya hau matakala huɗu na gaban kantin da ke fuskantarsu, ya tsaya cak. Ya dafe ƙirji da hannun dama, ya sunkuya kaɗan, ya zaro waya yana dubawa don kada a ce hutawa yake. Tela ya san wannan sunkuyon, ya gan shi sau ɗaya shekara arba'in da huɗu da suka wuce. Ya lissafa shekarun Dogo, hamsin da shida. Tsoro ya kama shi, tare da kunyar da bai taɓa jin irinta ba. Yinin nan har hannun riga ya ɗinka a baibai.

Washegari ya rufe shago, abin da bai saba ba, ya nufi asibitin da kwalbar a aljihu. Likitar ta saurare shi har ya gama, ba ta yi dariya ba.

"Baba, maganar ƙanenka da shi zan yi ta. Amma tunda ka kawo kanka, miƙo hannu."

Ta ɗaura masa abin awon jini. Nasa ma ya fara hawa. Ta tambaye shi awa nawa yake zaune a kan keke, ya ce tun safe har yamma. Ta ce hawan jini ba ya sallama, mutum yana cewa lafiyarsa ƙalau alhali hanyoyin jininsa suna lalacewa. Wanda kuma mahaifinsa ya tafi da ciwon zuciya, shi ya fi kowa buƙatar kula. Ya rage gishiri da maiƙo da zaƙi, ya yawaita ganye da 'ya'yan itace, ya yi tafiyar ƙafa rabin awa kullum, ya riƙa zuwa awo. Wanda aka rubuta wa magani ya sha kullum, ko yana jin ciwo ko ba ya ji. Ciwon ƙirji da haki kuwa ba abin jira ba ne, a dawo da shi da wuri.

"Ba zai ƙara yarda da tef ba," in ji Tela. "Ni na ɓata masa."

"To bar tef. Ai kana da zare. Ka auna tsayinsa daga ka zuwa diddige, ka ninka zaren biyu, ka zagaya cikinsa. In baki bai haɗu da baki ba, ba sai kowa ya yi magana ba."

Da safiyar Asabar ya isa gidan Dogo. Ya roƙi matar ƙanensa ta tono masa wandon auren mijinta. Ta dube shi, ta shiga ɗaki ba ta tambayi dalili ba. Da alama ta daɗe tana jiran wannan rana. Ya shimfiɗa wandon aikin Dogo a tsakar falo, ya ɗora na auren a kai. Na ƙasa ya leƙo ta kowane gefe, kamar uba ya goya ɗansa. Ya juya bakin kowanne, lambar iri ɗaya ce, rubutun hannu ɗaya.

"Dogo, likita ba ta yi kuskure ba. Ni ne nake rufe maka lamba. Duk shekara ina saki, ina rubuta maka ta da."

Dogo ya daɗe yana kallon wandunan. "Tun yaushe, Yaya?"

"Ya haura shekara ashirin."

"Shekara ashirin ina juya bakin wando ina nuna wa mutane. Ashe dariyar da suke yi, ni suke wa." Ya ɗago ya kalli yayansa. "Kai ka ɗauki Baba daga bakin ƙofa. Ka fi kowa sanin yadda ya tafi. Ka gan ni na kama hanyarsa, ka ce ina nan yadda nake?"

Tela ya ciro zare daga aljihu, ya ce masa ya miƙe. Dogo ya miƙe fuska a murtuke. Aka auna, aka ninka, aka zagaya. Tsakanin baki da baki ya rage kusan taƙi guda. Tela ya ajiye kwalbar maganin a kan wandon auren, ya faɗa masa abin da likita ta ce game da ciwon ƙirji, ya fita. Ba wanda ya raka shi.

Mako biyu Dogo bai leƙo shagon ba, bai ɗaga waya ba. Matarsa ce ta biyo ta wurin ta ce ya koma asibiti, an yi masa gwaje-gwaje, yana shan magani, ita kuma ta ɓoye gwangwanin gishiri, kullum sai sun yi faɗa a kansa. Tela ya ji daɗi, amma kewar ƙanensa tana cinsa. A kwanakin ne ya fara faɗa wa mutane lambarsu, a hankali, kusa da kunne. Wasu suka yi godiya. Wani babban ɗan kasuwa ya kwashe yadinsa ya ce tef ɗin ya tsufa tare da mai shi. Benci ya fara yin sarari, kuma ƙarya ne a ce abin bai dame shi ba.

Wata safiya yana buɗe kwaɗo ya ji tari a bayansa. Dogo ne, da takalmin roba sabo fil, yana kallon gefe.

"Wai rabin awa. Ni ba zan yi ta zagaya titi ni kaɗai a ce na taɓu ba. In za ka zo, ka zo. Kai ma ai ba ƙugun amarya gare ka ba."

Tela ya mai da kwaɗo ya rufe. Ranar farko sau uku suka tsaya hutawa, kowa yana cewa don ɗan'uwansa ya tsaya. Daga shago zuwa shataletale, su kewaya ta bayan makaranta su dawo. Dogo yana mita, abinci ya zama salam, lemo ya zama sai kallo, tsufa kuma bai yi shawara da kowa ba. Tela yana jin sa, yana kuma sauraron numfashinsa, wanda wata bayan wata ya daina ƙara. Zaren nan yana rataye a ƙusa a bayan keke, kowane farkon wata a sauko da shi.

Shekara biyu ke nan. Bakin zare bai haɗu ba har yanzu, saura yatsa huɗu, kuma likita ta ce magani sai dai a ci gaba da sha. Makon jiya Dogo ya shigo da wanduna uku a kafaɗa, ya zube su a tebur, wai suna zame masa a gaban ma'aikata. Tela ya zagaya tef, yatsa ya kama hanyar da ya saba, Dogo ya doke yatsan.

"Ɗage yatsan nan, Yaya. Ni zan karanta." Ya sunkuya ya duba. "Arba'in. Rubuta arba'in."

Tela ya ɗauki alƙalami ya soke tsohuwar lambar, ya rubuta sabuwa a gefenta. Dogo yana tsaye a kansa, ya ce, "Jiya na cika hamsin da takwas."

Tela bai ɗago ba. Ya san abin da ake nufi, ƙanensa ya girmi mahaifinsu da shekara guda. Ya ɗauki allura, ya yi ta neman kafarta da zare yana kasawa, don idanunsa sun cika da hawaye.

"Kawo nan," in ji Dogo, ya karɓa ya zura masa.