Kulkin Taubashina da Bargin Zobe

Ni ba masunci ba ne. Na yi boko har aji huɗu, kuma a gidanmu wannan ilimi ya isa a ɗauke wa mutum shiga ruwa. Aikina a bakin gulbi shi ne in zauna a inuwa in ba da shawara. Mai shiga ruwan taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda bisa al'ada bawana ne, ko da yake ya girme ni, kuma ko buta bai taɓa ɗaukar mini ba.

Muna samari, tun kafin a datse ruwa a yi madatsar Zobe, bargi ba abin labari ba ne. Kifi ne babba, wani ya fi hannun mutum tsawo. Da damina yakan shigo ciyawar bakin ruwa ya share wuri zagaye kamar gindin rumbu, ya zuba ƙwai, uwa da uba su tsaya gadi. Dattawa kan hana yankan ciyawar har sai 'ya'yan sun watse.

Daga baya aka share bakin ruwa don tumatir da albasa, har inda ƙafa ke jiƙewa. Gidan sauro ya tashi daga kan gado ya koma abin kamun kifi, yana kwashe har wanda bai kai ƙwayar wake ba. Ban ce kowa mugu ne ba, ni ma na ci tumatirin. Amma bargi ya rasa inda zai yi ɗaki, ya yi ta raguwa, har jikokina suka ɗauka sunan wani ƙauye ne.

Taubashina yana da wani guntun kulki na icen marke, rataye da igiya a wuyan hannunsa. Babban kifi in ya faɗo cikin kwalekwale yakan yi bugun da zai kifar da mutum, don haka kafin ya juya an ƙwala masa a ka. Haka ubansa ya koya masa, haka ya yi har gemu ya yi fari.

Wata shekara gab da damina, wata Malama ta same mu a bakin ruwa. Kirista ce daga Kudu, tana aiki a gidan ƙyanƙyasar kifi a Dutsin-Ma. Ta ce suna da bargi guda ɗaya tak a tafkinsu, sun shuka masa ciyawa, yana ta zagaye shi kaɗai.

"Baba," ta ce wa taubashina, "tarwaɗa muna yi mata allura ta ba da ƙwai. Bargi ba ya yarda. Sai ya sami abokin zama, ya gina gidansa da kansa. Ka samo mana na ruwan nan, amma da ransa."

"Da ransa?" Taubashina ya dubi kulkinsa.

Na ce, "Malama, kin yi zaɓen banza. Wannan bawan nawa ko kaza ya gaisar sai ta kwanta."

Ya ce, "Rabu da shi, 'yata. Ɗan boko ne, kwaɗo ma tsoro yake ba shi."

Ta yi dariya, ta bar mana wata babbar roba mai faɗin baki da za a zuba ruwa a saka kifin.

A lokacin tari ya riga ya kama ƙirjinsa. 'Yarsa da ke aure a Barkiya ta yi ta aike ya je ya huta, ya ƙi. Ya ce mini ya fitar da bargi daga ruwan nan ba adadi, yana so kafin ƙarfinsa ya ƙare ya mayar da ko guda. Damina ta yi nisa yana bin lungunan da ciyawa ta saura, yana dawowa da karfasa da 'yan tarwaɗa. Ni kuwa ina tarbarsa da tambayar ko amaryar ta ƙi shi ne.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, ina cikin jirgin. Ya lallashe ni in riƙe masa robar, na karɓa bisa sharaɗin za a faɗa wa Malama cewa da ilimina aka yi aikin. Ya jefa birgi, komar nan ta jifa, a wani lungu, ya ja, na ga bayansa ya miƙe kamar na saurayi. Kifin ya faɗo tsakaninmu yana walƙiya, ya yi bugu ɗaya, jirgin ya karkata.

Sai na ji ƙwal.

Ban ga lokacin da hannun ya tashi ba. Shi ma bai gani ba. Kifin ya yi rawar jiki ya miƙe, ni kuma ina rungume da roba cike da ruwa. Taubashina ya tsaya yana kallon hannunsa kamar na wani ne aka ara masa. Akwai magana a bakina, mai daɗi ma, irin wadda zan shekara ina maimaitawa a majalisa. Na haɗiye ta.

Da matarsa ta feɗe kifin a gida, sai ga ƙwai cike da cikinsa. Ta rufe kwanon da faifai, ta aika wa maƙwabta. A gidan ba wanda ya taɓa.

Washegari muka je muka faɗa wa Malama. Ta dubi tafkinta, ta ce, "Baba, ko mun sami 'ya'yan, ina za mu sake su? Ba ciyawa. Wannan aikin ma yana jiran mutum."

A hanyar komawa ya kwance igiyar daga wuyan hannunsa ya miƙo mini kulkin. "Riƙe, ubangida. Hannun nan ba ya jin magana." Tun muna yara nake neman ya kira ni haka. Da ya kira, ban ji daɗin da na zata ba.

Bai sake jefa birgi ba. Ya bi masu noman rani ɗaya bayan ɗaya, wasu da roƙo, wasu da gori, har suka yarda su ja da baya kaɗan a wannan lungu. Ya riƙa ciro ciyawa da saiwarta yana dasawa a cikin laka, yana tari, ina daga tudu ina gaya masa layinsa ya karkace. Da sanyi ya shigo aka ɗauke shi a babur zuwa Barkiya. Can aka yi masa sutura.

Daga baya aka kawo wa gwauron bargin tafkin Malama abokiyar zama a mota daga wani gulbi mai nisa. Suka share gida, suka yi 'ya'ya. Ranar da za a sake su a lungun, Malama ta aiko a kira ni, ta ce ni zan karkata bokitin. Na tuɓe takalmi na shiga ruwa har gwiwa, da ajina huɗu da komai. Suka bazu cikin ciyawar taubashina, ƙanana baƙaƙe, ban iya bin ko ɗaya da ido ba.

Yanzu ni ke zama a lungun, da kulkin a hannuna ina korar shanu da masu lauje. Makiyaya sun ɗauka na taɓu, kuma ban musa ba, don hakan ya fi sa su nisa. Duk damina ina leƙa cikin ciyawar ko zan ga an share wuri zagaye. Ban gani ba tukuna. In na gani, ban san wa zan tsokana da labarin ba.