Sabuwar Sifikar Yaya da Kunnen Inna

"Tsaya! Kar ka taɓa wayar nan sai ka kashe amfilifaya!"

Tsawar da yayana Sani ya daka min ke nan jiya. Sabuwar sifika ya sayo a kasuwar Kongolam, ya dage sai mun gwada ta da tsohuwar da muke jin tafsiri da ita tun Baba na da rai.

Na rage murya, na kashe amfilifayar, wato injin da ke ba sifika sauti, na zare daga soket. Yana ta jaddada min: ja ga ja, baƙi ga baƙi, kar bakin wayoyin su haɗu, in ba haka ba inji ya ƙone. Ina shirin kwance wayar aka kira la'asar, muka tafi masallaci.

Da muka dawo na kunna tafsirin. Yaya ya lumshe ido ya ce, "Ka ji bambanci? Kamar malamin na zaune a ɗakin nan! Gobe a ba 'yan gwangwan tsohuwar."

Wallahi ni ma na ji bambancin.

Sai mahaifiyarmu ta leƙo daga tsakar gida ta ce, "Wane bambanci? Wannan ai ta babanku ce. Shekara nawa ina girki ina jin ta? Har 'yar shaƙewar da take yi na sani."

Na leƙa bayan inji. Ashe ban canza wayar ba. Sabuwar ko jona ta ba a yi ba.

Yaya bai sake maganar 'yan gwangwan ba.

Tun jiya nake mamaki: mu biyun nan da kunne muka ji, ko da ido? Ku faɗa min.