Kafet ɗin da na shimfiɗa wa totur

Ko na tsufa har na manta sunayen jikokina, ba zan manta ranar da na fara ɗaukar Inna, mahaifiyata, a motata ba.

Lokacin ina koyar da Turanci a wata sakandare a Anka, a shekarun dubu biyu da 'yan kai. Na sayi mota 'yar Kwatano, mai canja giya da kanta. A durowar gabanta na tarar da wata takarda da kamfanin motar ya aika wa Baturen da ya fara mallakarta, ga hatimi ga sa hannu. Layin farko kawai na karanta, inda suke gode masa da ya zaɓi motarsu. Na kai aka lulluɓe ta da leda, kowa ya zo ganin mota sai na zaro na nuna masa, ina cewa ga shaida, motar nan ta asali ce. Malamin Turanci ke nan fa.

Damina ce, caɓi ko'ina, ni kuma ba na son a ɓata mini shimfiɗar roba da motar ta zo da ita. Sai na sa aka yanko mini jan kafet mai kauri, na ɗora a kai, har da wajen direba. Bakanikena ya ce abin ya yi tudu kusa da totur, wanda ake takawa mota ta ƙara gudu. Na ce masa ya ji da injin, ya bar mini kwalliya.

Ranar sunan jaririyar yayata a Gummi na je ɗaukar Inna. Da ta leƙa ta ga kafet, sai ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, wai ba a taka irin wannan da ƙasa. Wallahi daɗi ya kashe ni. Ta zauna gaba, sandarta mai lanƙwasasshen kai tsakanin gwiwoyinta.

Mun wuce mararrabar Bukkuyum sai ga motar hatsi tana jan ciki a gabanmu. Na ce bari Inna ta ga abin da autanta ya saya. Na take totur har ƙasa, muka wuce ta kamar tana tsaye. Na ɗaga ƙafa, amma mota ba ta san na ɗaga ba. Kuka take, gudu yana ƙaruwa. Na taka birki, ta ɗan tsuguna ta ci gaba. Na yi ta takawa ina saki har ya ƙage kamar dutse, ƙauri ya cika motar. Can gaba kuwa garken shanu ne ya fara tsallaka titi.

Inna ta ce in rage, ba tsere muke ba. Na buɗe baki in yi bayani, salati kawai ya fito. Ban tuna da fitar da giya ba, ban tuna da komai ba. Abu ɗaya ke kaina: na ɗauko uwata daga ɗakinta lafiya lau, zan kashe ta a titi saboda burga.

Ita ba shanun take kallo ba, ƙafafuna take kallo.

"Auta, tabarmag ga taka ta hau bisa abin da kaka takawa. Kauda ƙafa."

Ta zura sandarta, ta maƙalo bakin kafet, ta fizgo shi yadda take fizge tabarma in hadari ya taso. Totur ya ɗago, kukan ya faɗi. Na danne birki da ƙafa biyu, muka gangara gefen titi muka tsaya cikin ciyawa. Bafulatanin da ke kora shanun ya dube mu, ya girgiza kai, ya wuce.

A nan na zaro takardar don in yi fifita, sai idona ya faɗa layi na biyu. Kamfanin yana kiran a mayar da motar a gyara ta, domin shimfiɗar ƙasa tana iya danne totur, birki ya kasa riƙewa. Sun ce kafin nan a cire ta, kuma kada a kuskura a ɗora wata a kai. A ƙasa har da zane. Inna, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ta karɓa ta duba, ta ce ai ga hoton nan, ko ita ta gane. Sannan ta tambaye ni a hankali, wai ba wannan yaren nake koya wa 'ya'yan mutane ba?

Na ciro kafet da robar duka na jefa bayan mota, muka ƙarasa Gummi a hankali, har masu keke suna wuce mu. Ba ta gaya wa kowa ba a gidan suna, kuma wannan ya fi zagi yi mini zafi.

Tun ranar na koyi cewa takardar da ka ajiye don nuna wa mutane, ka fara karanta ta har ƙarshe, kuma in mai sana'a ya ce abu ya yi tudu, ka sunkuya ka duba. Inna ta ci gaba da shiga motata har Allah Ya karɓi abinsa, amma ba ta sake cire takalmi ba, kuma ba ta taɓa shiga ba tare da sandarta ba.