Inna da matuƙin jirgina

Ina cikin shafa wa ɗan jirgin yaƙina fenti a tsakar gida, nan Bodinga, sai ga Inna, mahaifiyata, daga Kajiji. Jirgin sama ne na roba, irin wanda ake sayowa gutsi-gutsi a kwali a haɗa da gam. Bayansa ya sha kore da ruwan ƙasa, cikinsa kuwa, wato ƙasansa, ban taɓa ba. Wa zai leƙa can?

Fentin bai ko bushe ba Inna ta ɗauka, ta juya shi.

"Ni nan na sani," in ji ta, tana nuna cikin. "In ya biyo bisa kanmu, sai mu bar shanya mu shige ɗaki."

Sai ta hango ɗan matuƙin, bai fi ƙwayar wake ba. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ashe da mutum ciki? To, shina ganinmu?"

Ta watsa gero a tabarma, ta ɗaga jirgin bisa geron, ta leƙo ta gefen fiffike.

"Haka muke gare shi ke nan."

Yanzu cikin nake fentawa. Jama'a, wanda ya taɓa shiga jirgi ya gaya mini, daga can sama ana gane tsohuwa mai shanya?